Ajin Yamma: Waiwaye Kan Yaƙi da Jahilci a Ƙasar Gusau

Duk malamin da ya koyar a ƙauyukan da ke tsakanin Wonaka da Tsafe da Bungudu ya san wannan matsala. Mukan ba yaro aikin gida, ya dawo da littafin yadda ya tafi da shi. Ba ƙyuya ba ce. Daga tashi makaranta sai gona ko talla, da dare kuma babu wanda zai duba masa, domin uwa da uba ba su san baƙaƙen boko ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi ƙoƙarin da aka yi a baya na koyar da iyaye, mu ga inda aka dace da inda aka yi tuntuɓe.

Da farko dai, ƙasar nan ba baƙuwar ilmi ba ce. 'Yandoto, kusa da Tsafe, ta shahara da malamai tun kafin jihadi. Bayan jihadi kuma Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa, ta koya mata waƙoƙin wa'azi, ita kuma jaji ta koma ƙauye ta koyar da matan aure a cikin gidajensu. Abin lura shi ne ba a raba uwa da 'ya'yanta ba. Tana daka tana rerawa, yaran da ke gindin turmi suna ɗauka. A ganinmu har yau ba a ƙirƙiro dabarar da ta fi wannan sauƙi ba.

Shi kuwa karatun boko na manya bai kankama ba sai bayan ƙudurin da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar a majalisa a Kaduna a 1950, inda ya nemi a gyara mulkin En'e, a kuma wayar da kan talakawa. Daga nan aka ɗaura ɗamarar Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Kumasi na cikin jagororinsa. Aka buɗe azuzuwa a zaurukan hakimai da dagatai da gindin itatuwa, akasari da rani, bayan an kawar da amfanin gona. Magidanta su zauna bayan La'asar suna bitar Ka Koyi Karatu, wanda ya ci jarrabawa a ba shi takardar shaida. A ƙasar auduga da gyaɗa irin tamu ba a sha wahalar jawo mutane ba: manomin da ya iya karanta lambar sikeli ba ya tsoron malamin awo.

Mu marubuta, nan ne ya fi shafarmu. Shugabannin wancan lokaci sun gane cewa wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, kafin damina biyu zai manta. Don haka aka kafa hukumar NORLA a Zariya, ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha kan noma da kiwon lafiya da labarai, tare da jaridun larduna. Ta Lardin Sakkwato, wanda Gusau ke cikinsa a lokacin, ita ce Zaruma. Katsina tana da Himma, Kano kuma Sodangi. Ga kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939. Jarida ɗaya takan zagaya unguwa guda, ana karanta ta da ƙarfi a ƙofar gida, yara na saurare. NORLA ba ta kai 1960 ba ta durƙushe, jaridun nan ma suka bi ta.

To, amma yaƙin yana da gurbi babba. Galibin ɗalibansa maza ne, mata na cikin kulle, ga shi kuwa su ne ke yini da yara. Da shirin UPE ya zo a 1976 sai aka juya ga yara kaɗai, aka cika azuzuwa, iyaye kuwa aka bar su a baya. Jihar Kano ta kafa hukumar ilmin manya a 1980 zamanin Abubakar Rimi, gwamnatin tarayya ta kafa tata a 1990, Zamfara kuma ba ta zama jiha ba sai 1996. Duk da haka aji biyu aka ci gaba da yi, na uba daban, na ɗa daban.

Abin mamaki, giɓin da hukuma ta bari, wasu da ba a ɗauke su da muhimmanci ba ne suka rage shi: Islamiyyun matan aure na dare, da littattafan nan da ake wa laƙabi da adabin kasuwar Kano. A sha suka yadda aka ga dama, mun ga matan da suka koyi haɗa baƙi don kawai su karanta Balaraba Ramat Yakubu da kansu, kuma sau da yawa 'ya'yansu 'yan firamare ne malamansu, a gaban fitilar ƙwai.

A 2021, bayan sace ɗalibai a Jangebe da Maradun, an rufe makarantun jihar nan na tsawon watanni. Da aka dawo, ba mu buƙaci tambaya ba kafin mu gane yaran da ke da mai karatu a gida. Sauran kuwa, har waɗanda suka kai aji uku na ƙaramar sakandare, sai da muka koma da su kan baƙi da wasali.