Hifnoterafi

Hifnoterafi hanya ce ta magance fargaba da matsanancin tsoro. Mai jinyar kan bi da mutum da murya mai taushi har jikinsa ya saki, hankalinsa ya tattaru wuri guda. Ba barci yake yi ba, yana jin duk abin da ake faɗa masa.

An fi danganta farkonta da Franz Mesmer a ƙarni na 18, amma James Braid, likitan fiɗa a Manchesta, shi ya ɗora ta a kan ilimin likitanci a littafinsa na 1843. Ƙungiyar Likitocin Birtaniya ta amince da amfani da ita a 1955.

Mai tsoron allura, alal misali, za a sa ya sawwala ɗakin asibiti a ransa, sannan ƙanshin sifirit, sannan tsinin allurar a fatarsa, ana tsayawa duk sa'ad da numfashinsa ya fara sauri. Sannu a hankali tsoron kan ragu.

Hujjojin bincike sun fi ƙarfafa jinyar da ake fuskantar abin tsoron a zahiri, don haka hifnoterafi ta fi dacewa a matsayin mataimakiya. Likitoci suna gargaɗin kada a yi wa mai taɓin hankali mai tsanani.