Asalin Gwaza da Danginta

Masana da yawa na ganin cewa gwaza, wadda Larabawa ke kira ƙulƙas, asalinta daga wajen Indiya ne, kuma sannu a hankali ta biyo fatake har Masar da sauran Afirka, inda ta tarar da fadamu masu laima ta yi zamanta. Amma ɗan'uwanta makani baƙo ne daga nahiyar Amurka. Ana danganta zuwansa Gana da Kiristocin Jamaika da suka sauka a 1843. Abin ta'ajibi, yau masu hali kan dasa wata 'yar'uwar gwaza mai dabbare-dabbaren ganye cikin tukwane, suna kare ta daga zafin rana, alhali manomin fadama hankalinsa na ga abin da ke ƙarƙashin ƙasa, wanda sai ya dahu luguf ƙaiƙayinsa ke barin maƙogwaro.