Minneapolis da St. Paul: Tsarin Gari, Sufuri da Kasuwanci

Minneapolis da St. Paul birane ne maƙwabta a bakin Kogin Misisipi, cikin jihar Minnesota ta ƙasar Amurka. St. Paul ce hedikwatar jihar.

A shekarar 1954 aka daina aiki da taragon lantarki da ke bin titunan biranen, jama'a suka raja'a ga motoci. Bayan shekara biyu aka buɗe kasuwar Southdale a garin Edina, shagunanta duka ƙarƙashin rufi guda saboda tsananin sanyin yankin. Ciniki ya bi gidaje zuwa bayan gari, gonaki suka zama unguwanni, harajin manyan shaguna kuma ya taru a hannun ƙananan hukumomi ƙalilan.

A nan muke son jami'anmu su lura. A 1967 majalisar dokokin jihar ta kafa hukumar Metropolitan Council domin tsara ci gaban gundumomi bakwai tare, daga baya aka ɗora mata magudanun ruwan datti da sufuri. Dokar 1971 kuwa ta tanadi a zuba kashi 40 cikin ɗari na ƙarin darajar kadarorin kasuwanci da masana'antu cikin asusun haraji guda, a raba wa ƙananan hukumomin yankin gwargwadon yawan jama'arsu da ƙarfin arzikinsu. Garin da babbar kasuwa ba ta sauka a cikinsa ba, shi ma yana da rabo.

Jirgin ƙasa na cikin gari ya dawo a 2004, daga tsakiyar Minneapolis ta filin jirgin sama zuwa kasuwar Mall of America, wadda aka buɗe a 1992. A 2014 layi na biyu ya haɗa biranen biyu.