Haƙƙin wanda ya ji rauni a haɗarin motar haya

Tirela, tanka da motocin haya ba sa yankewa a hanyar Gusau zuwa Sakkwato, wadda ta ratsa Talata Mafara. Idan aka yi haɗari, magani ne farko: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar majinyacin gaggawa. Lambar jami'an kiyaye haɗurra ita ce 122.

Doka ta wajabta wa masu motoci inshorar da ke biyan diyya ga wanda motar ta raunata ko iyalan wanda ya rasu, har da fasinjan da ya biya kuɗin mota. Amma kamfanin inshora da kotu hujja suke nema: lambar motar, rahoton 'yan sanda, rahoton likita, hoton ƙashi da rasit na kowane magani.

A nan mutanenmu ke yin asara. Da yawa daga Bakura da Maradun sukan wuce da mai karaya wurin mai ɗori, ba takarda ko ɗaya. Sai bayan wata uku, ƙafa ta ƙi takuwa, a zo neman rahoto, alhali likita ba zai rubuta raunin da bai gani ba.

Sulhu a tasha ba laifi ba ne, yafiya kuma haƙƙinku ce. Amma kada ku sa hannu kafin likita ya tantance ko raunin zai bar nakasa, domin raunin kai da na laka sukan ɓoye a kwanakin farko. Shigar da ƙara yana da wa'adi, don haka a tuntuɓi lauya da wuri.