Koyar da Faransanci a Muhalli Mai Ma'ana: Nazari Kan Makarantun Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba hanyoyin koyar da baƙon harshe waɗanda ke ɗora darasi kan buƙatar sadarwa ta zahiri, ta auna su da halin da Faransanci ke ciki a makarantun arewacin Nijeriya. Hujjarta ita ce muhallin da zai yi wa ɗalibi Bahaushe ma'ana yana tsallaken iyaka ne, a Maraɗi da Damagaram, kuma muhalli shi kaɗai ba ya gyara nahawu.

Gabatarwa

Tun 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ayyana Faransanci harshen hukuma na biyu a Nijeriya, kuma kundin manufar ilimi na ƙasa, bugun 2004, ya wajabta koyar da shi a firamare da ƙaramar sakandare. Duk da haka, ba baƙon abu ba ne a ga ɗalibin da ya haddace sarrafa aikatau a allo, amma ya kasa tambayar farashin kaya. An koya masa bayani a kan harshen, ba a ba shi abin da zai yi da harshen ba.

Tushen Ra'ayin

Tsohuwar hanyar nahawu da fassara an gina ta ne domin karanta Latin da tsohon Girkanci, harsunan da ba wanda zai yi ciniki da su. Hanyar ji da maimaitawa, wadda ta bunƙasa a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta mayar da aji wurin bita: malam ya faɗa, yara su amsa.

Dell Hymes ne, a 1972, ya nuna cewa sanin harshe ya wuce sanin ƙa'idojin jumla. Ya haɗa da sanin abin da ya dace a faɗa, ga wa, kuma a wane wuri. Canale da Swain suka faɗaɗa wannan a 1980. Stephen Krashen ya ƙara da cewa harshe yana shiga ne ta hanyar saƙon da mai koyo ya fahimta, wanda ya ɗan ɗara matsayinsa. Gwajin da ya fi kusa da yanayinmu shi ne na N. S. Prabhu a kudancin Indiya daga 1979, a azuzuwa masu cunkoso da ƙarancin kayan aiki. Ya ba yara aikin da sai da Ingilishi za su warware shi, kamar duba jadawalin jirgin ƙasa ko bin taswira, hankalinsu na kan amsa, harshe na shiga ta bayan gida.

Wane Muhalli?

A nan ne littattafan da ake shigowa da su ke kuskure. Hirar sayen tikitin jirgin ƙarƙashin ƙasa a Faris muhalli ce ga ɗan Turai. Ga yaron Jibiya kuwa wata hadda ce aka sake wa riga. Alhali yaron nan kusa yake da Maraɗi, kamar yadda na Illela ke kallon Birnin Ƙonni.

Sai dai a yi hattara. A kasuwar Maraɗi da Hausa ake ciniki, saboda haka kai yara can ba zai sa su yi Faransanci ba. Inda harshen yake shi ne a takarda da ofis: rasit, allon hanya, takardar asibiti, takardun kwastan, labaran rediyon La Voix du Sahel. Waɗannan su ne kayan darasi, kuma ba su da tsada.

Ga misali. Bahaushen Nijar yana ƙirga sefa da dala, dala ɗaya tana daidai da faran 5. Abin da ya kira dala ashirin, a rasit faran 100 ne. Idan aka ba ɗalibai biyu aiki, ɗaya riƙe da farashi a dala, ɗaya zai rubuta rasit da Faransanci, dole su yi tambaya, su yi lissafi, su gyara wa juna. Lambobin Faransanci masu wuya, irin su tamanin da ake faɗa da ashirin huɗu, za su zauna ba da bulala ba. Akwai kuma kalmomin da Hausar Nijar ta riga ta ara, kamar lekwal, mushe, kaye, duwan da jandarma. Malamin da ya fara da su ya nuna wa yaro cewa harshen ba daga sama ya faɗo ba.

Iyakar Muhalli

Shirin tsunduma yara cikin Faransanci da aka fara a Saint-Lambert ta Kanada a 1965 ya samar da ɗalibai masu fahimta ƙwarai. Amma binciken Merrill Swain ya nuna kurakuran nahawu sun ci gaba da bin su shekara da shekaru, abin da ya kai ta, a 1985, ga ra'ayin cewa sai an matsa wa mai koyo ya furta, ya rubuta, a kuma gyara masa. Cikin abin da ya ba su wuya har da bambanta tu da vous. Bahaushe yana da sauƙi a nan, domin ya san kiran babba da “ku”, in dai malam ya haɗa masa biyun.

Nijeriya ta amince da hanyar tsunduma ɗalibai cikin harshe a matakin jami'a: ta kafa Ƙauyen Faransanci a Badagiri a 1991, inda ɗaliban harshe ke zuwa su zauna. Amma wanda ya kai can ya riga ya tsallake siraɗi. Yawancin yara a ƙaramar sakandare suke rabuwa da Faransanci, kuma malami yana koyar da abin da za a tambaya ne. Muddin jarrabawa ba ta sa ɗalibi ya buɗe baki ko ya karanta rasit na gaske ba, aji zai ci gaba da sarrafa aikatau. Gyaran ya kamata ya fara daga masu tsara jarrabawa da kwalejojin horar da malamai.