Agogon da ke Cikin Dawa

Tun kafin ilimin boko ya iso ƙasar Katsina, manoman Kankiya da Kusada sun san cewa farafara da kaura ba sa bin ranar shuka. Wanda ya yi shuka da ruwan fari da wanda ya makara, kusan lokaci ɗaya dawarsu ke fidda kai, dab da ɗaukewar damina. Haka maiwa take, saɓanin gero mai saurin nuna.

Masana sun daɗe kafin su gano dalili. A shekarar 1729 wani Bafaranshe, de Mairan, ya kulle wani tsiro a cikin duhu, sai ya ga ganyensa na ci gaba da buɗewa da rana yana rufewa da dare, kamar yadda ganyen tsamiya da na gyaɗa ke yi a gonakinmu. Ashe tsiro na da agogonsa na ciki. A 1920 kuma Garner da Allard suka nuna a Amurka, ta hanyar gwaji da taba, cewa tsawon yini ne ke sanar da wasu tsirrai lokacin fure. Wannan agogo shi ke shirya ganye tun kafin asuba, ya buɗe ƙofofinsa domin haɗa abinci da hasken rana. Binciken da aka wallafa a 2005 ya tabbatar cewa tsiron da agogonsa ya dace da yininsa ya fi girma.

Aikin da ya fi shafarmu shi ne na Curtis, wanda ya yi nazarin dawar Nijeriya a Samaru ta Zariya ya wallafa a 1968. Ya gano cewa kowane iri yana fidda kai daidai da lokacin da ruwa ya saba ɗaukewa a ƙasarsa ta asali, don haka ƙwaya ke nuna cikin bushewar kaka, ta tsira daga fumfuna. Abin mamaki, a yankin Kankiya bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa biyu ba, amma dawa tana lissafe da shi. A ganina, kakanninmu da suka riƙa ware zangarniyar iri shekara da shekaru su ne suka saita wannan agogo.

Farin 1973 ya bayyana rauninsa. Ruwa ya ɗauke da wuri, dawa kuwa tana jiran yini ya gajarta, sai ta bushe a tsaye. Daga nan hankalin masu bincike da manoma ya karkata ga iri mai saurin nuna, wanda bai cika damuwa da tsawon yini ba, ko da yake karansa gajere ne, ga shi kuwa manomi na bukatar kara domin danni da abincin dabbobi.