Gaya Garin Zuwa Ce Tun Fil Azal

A wannan biki na zagayowar shekarar ƙungiyarmu, mun ga ya dace mu waiwayi tarihin ƙasar da muke cin abinci a kanta, domin kusan kowane gida a Gaya da Ajingi yana da ɗa ko 'ya a birni da ke tambayar kansa: in dawo ne, ko in ci gaba da biyan haya?

Tarihin baka ya nuna cewa maƙeran da suka zauna a gindin Dala, waɗanda ake kira Abagayawa, daga Gaya suka tashi neman tama. Kun ga ke nan, kafin birni ya zama birni, daga nan aka kai masa sana'a. Littafin Tarihin Kano kuwa ya ce a zamanin Sarkin Kano Yakubu, wajen 1452 zuwa 1463, Agalfati ɗan Sarkin Machina ya zo ya zama Sarkin Gaya. Garin da ya karɓi baƙo har ya ba shi sarauta, ai ba yau ya koyi karɓar baƙi ba.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi. Maza suka noma, aka tara buhuna a birni har suka zama dalar gyaɗa. Kakanninmu mata kuwa, su ne masu ɓare ta, su soya, su matse mai, su yi ƙuli-ƙuli. Ba a rubuta sunayensu a takardun 'yan kasuwa ba, amma da wannan kuɗin aka yi wa 'ya'ya kayan ɗaki, da shi aka zuba adashi.

Sai fari ya zo a 1973, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975. Gona ta daina riƙe gida. Cin rani da a da ake yi na wata huɗu a dawo kafin damina, ya koma zaman dindindin a Kano, Kaduna da Legas. Mata da yawa aka bar su da yara da awaki biyu. A 1987 shirin Maryam Babangida na kyautata rayuwar matan karkara ya ƙarfafa mata su haɗa kai su yi rajista. To amma gaskiyar magana, adashi ya riga rajista. Mun daɗe da sanin cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga 1991 al'amura suka fara juyawa. Aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama hedikwata, sai ga mu a tsakiyar hanya, Wudil a yamma, Dutse a gabas. Ɗan garin nan, Kabiru Ibrahim Gaya, ya yi gwamnan Kano daga 1992 zuwa 1993. Jami'a ta zo Wudil, wata ta zo Dutse a 2011. Ƙidayar 2006 ta samu mutum sama da dubu 200 a ƙaramar hukumar Gaya, da kusan dubu 174 a Ajingi. A 2019 aka ɗaga Gaya zuwa masarauta, aka rushe a 2024, aka sake kafa ta a shekarar mai daraja ta biyu, ta ƙunshi Gaya, Ajingi da Albasu.

Me ke jawo mutum nan yau? Haya ba ta cin rabin albashi. Gero da dawa daga rumbu suke fitowa, ba daga mudun kasuwa ba. Akwai filin ɗaure akuya da tunkiya, ga kasuwar Wudil ranar Juma'a. In yaro ya yi zazzaɓi cikin dare, gwaggo tana bayan katanga. Ba ma ɓoye wahala: wuta tana zuwa tana tafiya, rani yana ja da ruwan rijiya ƙasa, kuma aikin albashi kaɗan ne.

Nan ne namu aikin yake. Matar da ta dawo daga birni da keken ɗinki, da amaryar da aka kawo daga Ringim ko Birnin Kudu, da matar malamin da aka turo aiki, duk abu ɗaya ke hana su zama: rashin jari da rashin wadda za ta tsaya musu. In muka ce sai 'yar gari za ta shiga adashi ko ta karɓi rance, da hannunmu za mu kore su, cinikinsu ya tafi wani wuri.

Don haka muna roƙon kowace mamba, kafin taro na gaba ta kawo baƙuwa ɗaya daga unguwarsu, ta tsaya mata. Iyayen gida maza, ku ba su izini, riba gida take dawowa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa albarka a abin da muke tarawa, amin.